Isnadin Zamani: Ɗaliban Yola da Rumbunan Bayanai na Laburare

Da safiyar Lahadi, 16 ga watan Afrilu na 2023, alhali ba a gama tattara sakamakon zaɓen cike giɓi na gwamnan Adamawa ba, sai Kwamishinan Zaɓe na jihar, Hudu Yunusa-Ari, ya zauna a zauren tattara sakamako a Yola ya shelanta cewa Sanata Aishatu Dahiru Binani ita ce ta ci, kuma kafin ka ce kwabo bidiyon shelar ya ratsa wayoyin jama'a tun daga Wuro Hausa har Jambutu, waɗansu na murna, waɗansu na salati. Abin da bidiyon nan ya nuna ya faru da gaske, mai maganar kuma babban jami'in hukuma ne wanda kowa ya sani, amma duk da haka maganar ba ta da tushe, domin doka ba shi ta ba ikon furta ta ba, baturen zaɓe ta ba, wato Farfesa Mohammed Mele, wanda bayan hedikwatar hukumar zaɓe ta soke waccan shela shi ne ya bayyana nasarar Ahmadu Umaru Fintiri ranar 18 ga wata. Ban kawo wannan ƙissa don tsoma baki cikin siyasa ba. Na kawo ta ne domin ta nuna cewa rarrabe labari ya wuce a tambayi ko hoto na jabu ne ko na gaske, sai an haɗa da sanin wane ne mai faɗa, da wane iko yake faɗa, me kuma doka da al'ada suka tanada game da irin maganarsa.

Wannan shi ne fannin da ake kira ilimin tantance labarai da sanin makamar kafofin watsa su, wanda hukumar UNESCO ta fara yi wa shimfiɗa a taron Grünwald na Jamus a 1982, ta fitar da manhajarsa domin malamai a 2011, ta ƙaddamar da ƙawancensa na duniya a Abuja a watan Yuni na 2013, sannan a Oktoban 2022 Abuja ta karɓi baƙuncin makonsa na duniya. A 2020 kuma Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta rarraba tsohon fannin aikin jarida zuwa rassa bakwai, nazarin kafofin watsa labarai ya sami wuri na kansa. Saboda haka ɗalibin da ke karatu a Jami'ar Modibbo Adama, wadda ke tsallaken Binuwai a Girei kuma ta fara a 1981 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, ko a Jami'ar Amurka ta Nijeriya wadda Atiku Abubakar ya kafa ta soma ɗaukar ɗalibai a 2005, ko a Kwalejin Ilimi ta Tarayya, ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha da ke Jimeta, da wuya ya gama shekarunsa ba a ba shi jinga a kan jita-jita, ko farfaganda, ko tasirin waya a kan ra'ayin jama'a ba.

To, a nan ne abin baƙin cikin yake. Ɗalibi da yawa in aka ba shi irin wannan jinga, sai ya buɗe Google a wayarsa, ya kwafi abin da ya fara fitowa ya liƙa, ba tare da ya san wanda ya rubuta ko yaushe aka rubuta ba. Wani ma ba ya wahalar da kansa da haka, shagon kwamfuta zai nufa, inda ake sayar da kundin da aka riga aka rubuta, a sauya sunan gari, a sauya sunan makaranta, a buga masa. Wato a cikin takardar da yake zargin jama'a da yaɗa abin da ba su tabbatar ba, shi kansa ya yaɗa abin da bai tabbatar ba, ya kuma sa hannu. Ba na ganin wannan lalaci ne zalla, domin mafi yawan yaran nan sun ɗauki darasin amfani da laburare a shekararsu ta farko, a aji mai cunkoso, aka ba su handawut suka haddace suka ci jarrabawa, amma ba wanda ya taɓa zama da su gaban kwamfuta ya nuna musu ƙofar da ake shiga.

Abin mamaki kuwa shi ne a Yola ake wannan, garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841, mutumin da ya yi ƙuruciyarsa yana neman ilimi a Barno kafin ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, garin da har yau laƙabin malanta ne a gaban sunan wanda ya kafa shi. Modibbai da malaman zaure ba su karɓar magana sai da isnadi, wato silsilar waɗanda suka ruwaito ta, wane daga wane daga wane, har a kai ga asali. Malaman hadisi kuma sun gina fanni guda sukutum, ilimin jarhi da ta'adili, domin auna kowane mai riwaya, a san gaskiyarsa da ƙarfin haddarsa da wanda ya yi zamani da shi, sannan a yanke cewa wannan sahihi ne, wannan la'ifi ne, wancan ƙagagge ne. Imamu Muslim ya kawo a muƙaddimar littafinsa cewa tambayar isnadi ta tsananta ne bayan aukuwar fitina, lokacin da kowane ɓangare ya sami dalilin ƙirƙira, aya ta shida ta Suratul Hujurati kuma tun kafin nan ta yi umarni da a binciki labari kafin a yi aiki da shi. Wannan ma'auni ba na Musulmi kaɗai ba ne, ɗalibar da ta zo daga Numan ko Michika za ta same shi daidai da abin da hankali ya yarda da shi; abin da nake cewa kawai shi ne ɗan Yola ba baƙo ba ne ga wannan ɗabi'a, gadonsa ce, kuma rumbun bayanai na laburare shi ne wurin da ake yin ta a karatun boko.

Rumbun bayanai taska ce ta lantarki wadda aka tara maƙalun mujallun ilimi a cikinta, kowace maƙala da sunan mawallafinta, da jami'ar da yake, da sunan mujalla, da shekara, da juzu'i, da shafi, da jerin littattafan da ya dogara a kansu, kuma galibinsu ba a buga su ba sai da edita ya aika wa masana biyu ko uku na fannin suka tace, suka yi gyara ko suka ƙi. JSTOR, wanda aka kafa a Amurka a 1995, tun 2006 ya yafe wa makarantun Afirka kuɗin shiga, kuma ko mutum ba ya tare da wata makaranta yana iya buɗe asusu ya karanta adadin maƙalu kyauta kowane wata. AJOL, wanda ya fara a 1998 kuma yanzu daga Afirka ta Kudu ake gudanar da shi, ya tattara ɗaruruwan mujallun nahiyar nan, na Nijeriya su suka fi yawa. Akwai shirin Research4Life, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta aza harsashinsa da Hinari a 2002, aka bi da na noma da na muhalli da na shari'a, domin ƙasashe matalauta su samu kyauta ko da rahusa; akwai DOAJ, jerin mujallun da ba a biyan kuɗin karanta su, wanda ya fara a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003; akwai kuma EBSCO, mai rumbu na musamman domin aikin jarida da sadarwa, wanda shi kam sai makaranta ta biya.

Bari mu ɗauki mas'ala guda mu bi ta, domin a nan ne ake gane bambanci. A watan Agusta na 2014, bayan Patrick Sawyer ya shigo da cutar Ebola Legas ranar 20 ga Yuli, sai aka wayi gari saƙo ya game ƙasa cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, mutane suna ta bugun ƙofofin 'yan'uwansu da asuba, har jaridu suka ba da labarin mutuwar aƙalla mutum biyu da kwantar da waɗansu a asibiti. Ɗalibin da aka ce ya yi nazarin wannan, in ya shiga rumbu ya rubuta tambayarsa doguwa kamar yadda yake yi wa Google, ba abin kirki da zai samu, domin rumbu kalmomi yake nema ba jimla ba. Sai ya tsaga mas'alar gida uku, cutar da ƙasar da yaɗuwar ƙarya, ya nemo kalmomin Turanci da masana ke kiran kowane gida da su, ya haɗa gidajen da AND domin ya taƙaita, ya haɗa kalmomi masu ma'ana ɗaya da OR domin ya faɗaɗa, ya ƙayyade shekaru daga 2014 zuwa gaba. Da haka zai tarar da gajeriyar maƙalar da Sunday Oyeyemi da abokan aikinsa biyu suka buga a mujallar BMJ a wannan shekara, inda suka duba saƙonnin Twitter daga Gini da Laberiya da Nijeriya suka ga fiye da rabinsu na ɗauke da bayanin kuskure. Daga nan kuma aiki ya yi sauƙi, domin kowace maƙala ƙofa ce ta fuska biyu: jerin madogararta yana kai mutum baya ga waɗanda suka gabace ta, Google Scholar kuma yana nuna waɗanda suka zo daga baya suka kafa hujja da ita ko suka yi mata raddi. Wannan bin silsila gaba da baya shi ne isnadin da muke magana, kuma yini guda ya isa a koya wa yaro shi.

Akwai wata dabara da ta shafi mai bincike a kan wannan yanki musamman. Ƙasar Adamawa ta sha sauya suna a takarda: Lardin Yola, Lardin Adamawa, Jihar Arewa maso Gabas, sannan Gongola daga 1976 zuwa 1991, kuma Faransawa suna rubuta Adamaoua, Jamusawa Adamaua, mutanen da wani ya kira Fulani wani Fulbe zai ce, wani Peul. Wanda bai jera waɗannan duka a bincikensa ba zai fito yana cewa ba a yi rubutu a kan Adamawa ba, alhali rubutun yana nan a ƙarƙashin wani suna.

Fa'idar da ta fi girma a wurina ita ce yadda karatun maƙala yake gyara hukuncin ɗalibi. Wanda ya rubuta a kan ƙauracewa allurar shan inna da aka yi a Kano da waɗansu jihohin Arewa a 2003 zuwa 2004, in daga shafukan intanet ya kwaso, abin da zai ce bai wuce jahilci ne ya sa mutane suka ƙi ba, ya rufe takarda. Amma in ya karanta abin da Ayodele Samuel Jegede ya buga a PLoS Medicine a 2007, da abin da Maryam Yahya ta buga a African Affairs a wannan shekara, zai ga cewa zargin, ko da yake ba gaskiya ba ne, ya sami ƙasa mai dausayi ne saboda gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, da yanayin siyasar duniya bayan yaƙin Iraƙi, da tambayar da talaka ke yi cewa don me ake bin sa gida-gida da maganin cuta guda kyauta alhali in zazzaɓi ya kama ɗansa sai ya saya. Ɗalibin da ya kai nan ya daina raina mutanensa, ya fara fahimtar cewa jita-jita tana da sababi, kuma wanda bai san sababin ba ba zai iya kashe ta ba. Ko jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara bugawa a Zariya a Janairun 1939 Abubakar Imam yana editanta, cikin dalilan kafa ta har da kashe raɗe-raɗin da ake yi cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus.

Amma fa kada a ɗauka cewa duk abin da ya fito da kamannin mujalla wahayi ne. A 2013 wani ɗan jarida mai suna John Bohannon ya ƙirƙiri maƙalar kimiyya da gangan ya cika ta da kurakurai bayyanannu, ya aika wa mujallu 304, guda 157 suka karɓa, ya kuma fallasa abin a mujallar Science. Irin waɗannan mujallu na neman kuɗi, masu karɓar kowane shirme muddin an biya, sun yi yawa a intanet, kuma Google Scholar ba ya tace su yadda rumbun laburare ke yi. Tun daga ƙarshen 2022 kuma aka sami sabuwar fitina, domin ChatGPT da ire-irensa sukan ƙaga sunan mawallafi da mujalla da shafi waɗanda ba su taɓa wanzuwa ba, har a 2023 wata kotu a New York ta ci waɗansu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun kafa hujja da shari'o'in da na'ura ta ƙirƙira. Maganin wannan a hannun ɗalibi yake: duk madogarar da aka ba shi ya neme ta a rumbu, in ba ta nan ya yi shakka, in tana nan ya buɗe ya ga ko ta faɗi abin da aka jingina mata.

Ko maƙalar da isnadinta ya inganta, sai an duba mataninta, kamar yadda Ibnu Khaldun ya soki masu tarihi a Muƙaddimarsa saboda karɓar adadin rundunoni da hankali da yanayin ƙasa ba za su ɗauka ba. Binciken da Vosoughi da Roy da Aral suka buga a Science a 2018, wanda ya bi labarai kimanin 126,000 ya gano cewa ƙarya ta fi gaskiya saurin yaɗuwa, bincike ne mai ƙarfi, ɗalibai kuma suna son kafa hujja da shi. Sai dai a kan Twitter aka yi shi, a kan saƙonnin Turanci, alhali abin da ke yawo a kasuwar Jimeta da tashar mota da zauren suna muryar WhatsApp ce ta Hausa ko Fulatanci, wadda ta fito daga kawu ko surukin da ba a iya ƙaryatawa a gaban mutane. Wanda ya ɗauko hukuncin can ya ɗora a nan ba tare da sharaɗi ba, ya auna gero da ma'aunin da aka yi don mai. Ya fi masa ya nemi aikin da Nic Cheeseman da Jonathan Fisher da Idayat Hassan da Jamie Hitchen suka yi a kan WhatsApp da zaɓen 2019, wanda ya fito a Journal of Democracy a 2020, domin su sun zauna da mutane a Kano da Oyo, sun ga yadda abin da aka rubuta a waya yake fita ya shiga bakin mutane da gidajen rediyo.

Wannan ya kawo mu ga giɓin da ya fi damuna. Rumbunan nan suna da yalwa a kan Amurka da Turai, suna da dama-dama a kan Legas da Kano, albarkacin ayyukan irin su Brian Larkin da Abdalla Uba Adamu, amma in aka zo Yola sai muryarsu ta yi ƙasa ƙwarai. Mutanen garin nan sun ga abin da ya isa a rubuta littattafai: yadda labari ya riƙa yawo a ƙarshen Oktoban 2014 da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram dubban mutane suka kwararo, da yadda kowa ya riƙa kiran kowa bayan fashewar kasuwar Jimeta a Yunin 2015, da ta masallacin Jambutu a Oktoba, da wadda ta biyo a Nuwamba, a lokacin da sanin gaskiyar labari yake daidai da sanin ko a gudu ko a zauna. Rediyo Gotel da gidan rediyon jiha na ABC da Fombina FM su ne makarantar siyasar talaka, shirye-shiryen kiran waya kuma su ne majalisarsa, amma maganar rediyo iska ce, in ba a naɗe ba ta tafi. JSTOR ma bisa tsarinsa yakan jinkirta sababbin fitowar mujallu da yawa shekaru uku zuwa biyar. Don haka wanda zai rubuta a kan shelar Afrilun 2023, rumbu zai ba shi nazariyya da hanyar bincike da misalan wasu ƙasashe, Dokar Zaɓe ta 2022 za ta ba shi nassi, tsofaffin fitowar Aminiya da Daily Trust da rahotannin masu bin diddigi irin su Dubawa za su ba shi jerin abin da ya faru, amma wa ya fara turowa, wa ya gaskata, wa ya yi shakka kuma don me, wannan sai ya hau Keke Napep ya je ya tambaya da kansa. In tarihi yake nema, fayilolin Lardin Yola suna Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, littafin Sa'ad Abubakar na 1977 a kan Lamiɓen Fombina kuma yana nan a kanta.

Ban manta da wahalhalu ba. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Yola ke haura digiri 40, in wuta ta ɗauke ɗakin kwamfuta ba ya zaunuwa. Kuɗin data yana cin abin da ɗalibi zai ci abinci da shi. Waɗansu rumbunan ba sa buɗewa sai mutum yana kan intanet ɗin makaranta. Kalmar sirri kuma wani lokaci tana nan a aljihun tebur ɗin wani ofis ba a liƙa ta inda ɗalibai za su gani ba. Tsakanin makarantu ma akwai tazara: laburaren Jami'ar Amurka, mai sunan Robert Pastor, an gina shi ne bisa littattafan lantarki tun asali, har ƙungiyar laburarorin Amurka ta karrama shi a 2013, alhali makarantun gwamnati, har da Laburaren Ibrahim Babangida na Girei, mafi yawan abin da suke samu na irin wannan aiki daga asusun TETFund yake fitowa. Sai dai kuɗin rajistar rumbu ba ya raguwa don ba a shiga ba, kuma ma'aikacin laburare, wanda ya yi shekaru yana karantar wannan fanni, sau da yawa yana zaune ne ba mai tambayarsa sai inda ake hotokwafi.

Gyaran da ya fi kusa yana hannun malamin aji. In ya ba da jinga, ya shardanta cewa a kawo maƙala uku daga rumbu, a rubuta kalmomin da aka yi bincike da su, a faɗi wace aka ɗauka, wace aka ajiye, kuma saboda me, ya kuma kai ajinsa laburare awa biyu a farkon zango ya bar ma'aikacin wurin ya yi musu darasi da mas'alar da ke gabansu, to sayen kundi zai yi wuya, domin mai shago ba ya sayar da dalili. Na biyu kuma, a kantocin sassan makarantun nan akwai kundayen ɗalibai jibge waɗanda aka yi a kan rediyon Yola da masu sauraronsa, masu kyau da marasa kyau, ƙura tana cin su, ba wanda ke Girei da ya san abin da aka rubuta a Jimeta. A tace su, a ɗora nagartattun a rumbun makaranta inda za a iya nema. Kowane zango kuma a sa aji guda ya naɗi shirye-shiryen kiran waya na mako ɗaya, Hausa da Fulatanci, ya rubuta su da kwanan wata da sunan tasha da sunan shiri, a ajiye a laburare tare da izinin gidajen rediyon.